Laburaren da aka hana jifa

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa laburarenmu na C++, wato tarin ayyukan da muka rubuta da wannan yaren kwamfuta don wasu su sa a shirinsu, ya ƙi haɗuwa a wurin mutumin Marwa mai na'urar famfon sola, alhali nan Garwa lafiya lau yake a kwamfutarka. Ba laifinsa ba ne. Arduino Uno, ɗan ƙaramin allon sarrafa na'ura, yake aiki da shi, kuma ana haɗa masa shiri da -fno-exceptions, wato an toshe hanyar jefa kuskure. Da GCC, kwamfailan da ke haɗa shirin, ya ci karo da throw, umarnin jifan, sai ya tsaya cak. Kada ka ce masa ya buɗe hanyar, domin jifa na cin wuri. Guntun ATmega328P da ke kan allon kilobait 32 gare shi na ajiyar shiri, RAM kuwa, ma'ajiyar aiki, 2 kacal. Ko Google da masu LLVM, kayan haɗa shiri, da duk manyan injinansu, ba sa jifa a ayyukansu na C++.

Gyaran farko mai sauƙi ne. Tara duk throw ɗin da ka warwatsa a makro guda, wato suna ɗaya da ake maye gurbinsa kafin haɗa shiri, ka duba alamar __cpp_exceptions: in yana nan a jefa, in babu a bi wata hanya. A kwamfailan Microsoft _CPPUNWIND za ka duba.

Wannan "wata hanya" ita ce inda yara ke faɗuwa. Na san abin da ke ranka, ka sa abort, umarnin kashe shiri nan take, ko'ina ka huta. To, a ce wayar ma'aunin ruwa ta ɗan saki, shirin ya mutu, famfo ya tsaya tsakiyar rani, albasar mutum ta ƙone a fadama. Wa zai biya shi? Abort na kuskuren mai rubutu ne, kamar taɓa gurbi na 11 a jeri mai 10. Abin da aka san yana faruwa kuwa, ma'auni ya yi shiru ko wurin ajiya ya ƙare, sai a mayar wa shirin da ya kira laburaren da lambar kuskure ya san yadda zai yi. Dubi std::filesystem, laburaren sarrafa fayil na C++17: yawancin ayyukansa biyu-biyu ne, ɗaya na jifa, ɗaya na cika error_code, wato lambar kuskure. Boost kuma, wani tarin laburaren C++, in an sa BOOST_NO_EXCEPTIONS, mai amfani shi ke rubuta throw_exception, aikin da ake kira maimakon jifa, da kansa. Ni wannan dabarar na fi so, domin mai na'ura ya fi mu sanin gonarsa.

Gobe in Allah ya kai mu ka haɗa gwaje-gwajen sau biyu, da jifa da babu jifa, kafin ka tura masa komai.