Abin da ke sa matuƙi ya hau tsayin da ba nasa ba

Ka tambayi me ke sa matuƙin jirgin sama ya nufi tsayin da jami'in kula da zirga-zirga bai ba shi ba. Galibi kuskuren ji ne a rediyo. Ƙafa 10,000 da 11,000 sun fi rikitarwa, sai kuma jirage biyu masu lambar kira (wadda ake kiran jirgi da ita a rediyo) kusan iri ɗaya, wani ya ɗauki umarnin ɗan'uwansa.

Shi ya sa dole matuƙi ya maimaita tsayin tare da lambar kiransa, jami'in ya saurara da kyau ya gyara nan take. Abokin tuƙi kuma ya ga lambar tsayin da aka murɗa a na'urar tuƙi da idonsa kafin a motsa. Sau da yawa tazarar tsayi tsakanin jirage ƙafa 1,000 ce kacal, kuskuren lamba ɗaya ya isa ya cinye ta.