Kada ki tsallake haruffan Jamusanci, ƙanwata

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce maigidanki yana Jamus, an ce sai kin ci jarrabawar A1, ta matakin farko na Jamusanci, kafin a ba ki bizar zuwa wurinsa. Da kika buɗe littafin kuma sai kika tarar haruffan duk na bokon da kika sani ne, in ban da uku masu ɗigo biyu a ka da wani guda mai kama da B. Shi ne kike tambaya ko ki wuce su ki kama haddar kalmomi, tunda lokaci ya matse.

Kada ki wuce. Ni ma ta wannan hanyar na biyo, kuma wucewar na yi, na ji a jikina. Kalmomi sun fi ɗari na haddace da lafazin Turanci, daga baya sai da na koma na warware su ɗaya bayan ɗaya, kuma warwarar ta fi koyon wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na farko, ki ajiye Turanci a gefe, ki karanta Jamusanci da bakin Hausa. A nan mun fi ɗan Ingila sa'a nesa ba kusa ba. Wasulan nan biyar da muka rera a firamare, a, e, i, o, u, ba be bi bo bu, kusan haka Bajamushe yake karanta su. Kalmar Name, wato suna, "naame" ce, har e ɗin ƙarshe ana faɗa. Kuma galibi abin da aka rubuta shi ake karantawa. Idan kika riƙe ƙa'idojin, za ki iya karanta kalmar da ba ki taɓa ji ba ki kuma dace.

Haruffan 26 ne, ga sunayensu yadda suke fita a baki: a, be, tse, de, e, ef, ge, ha, i, yot, ka, el, em, en, o, pe, ku, er, es, te, u, fau, ve, iks, üpsilon, tset. Ki haddace su kamar yadda kika haddace alif, ba, ta. A ɓangaren magana na jarrabawar, bayan kin gabatar da kanki, mai jarrabawa zai ce ki faɗi wata kalma harafi-harafi, kamar sunanki ko na garinku, sannan ki faɗi wata lamba, kamar ta waya. Maki ne a araha ga wanda ya shirya. Amma ba jarrabawar ce ta fi damuna ba, zaman da ke bayanta ne. A asibiti, a banki, a ofishin rajistar mazauna gari, a makarantar yara, da zarar kin faɗi sunanki na Hausa za ki ji an ce "Können Sie das bitte buchstabieren?", wato ki jero musu haruffansa.

A watannina na farko na kira wani asibitin yara a waya don a ba mu lokaci. Matar ta ce in jero haruffan sunan, na jero mata da Turanci. Inda nake nufin E na ce "i", ta rubuta I. Inda nake nufin A na ce "e", ta rubuta E. Ranar da muka je, yarinya tana ta zazzaɓi a kafaɗata, aka nemi sunanmu a kwamfuta aka rasa. Sai da aka bi ta ranar haihuwa aka gano mu. Ba laifin matar ba ne, abin da kunnenta ya ji ta rubuta. Tun daga ranar na ɗauki A da E da I da muhimmanci, haka G da J. Jamusawa suna da wata dabara ta waya: a ce "A wie Anton, B wie Berta", wato A irin ta Anton. A 2022 an sauya jerin na hukuma zuwa sunayen birane, Aachen, Berlin, Chemnitz da sauransu, amma har yanzu tsohon na fi ji a bakin mutane. Ki koyi na haruffan sunanki kawai, ya ishe ki.

Sai haruffa biyar da suka yi musayar riga: W, V, Z, J da S. W ba wa ɗinmu ba ce, v ce. V kuma a kalmominsu na asali f ce. Motar nan Volkswagen, "folksvaagen" suke cewa, BMW kuma "be-em-ve". J kuma y ce: ja, wato "e" ta amsawa, "ya" ake faɗa, kuma kamfanin nan da ya yi manyan ayyuka a Abuja, Julius Berger, a bakinsu "Yulius Berga" ne. S idan wasali ya biyo ta sai ta koma z, don haka sieben, bakwai, "ziiben" ce. Kada ki yi mamaki idan sun karanta Sani "Zani", Jamila "Yamila", Hauwa "Hauva", Zainab kuma "Tsainab". Ba wulaƙanci ba ne, ƙa'idar rubutunsu suka bi. Ki gyara musu cikin ladabi, yawancinsu suna riƙewa.

Z ɗin tana bukatar kulawa. Ts ce, amma ba tamu ta tsuntsu da tsintsiya ba, wadda muke matse maƙogwaro mu harbo ta. Tasu t ce da s a manne, a sake, iska na fita salin-alin. Duk da haka gara ki yi ta Hausa da ki ce z, domin Zeit, lokaci, "tsait" ce, in kika ce "zait" kin faɗi seit, wato tun.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma littattafan ba za su gaya miki ba, saboda ba don Bahaushe aka rubuta su ba: P da F da W. A Hausa ba mu rarrabe pa da fa. Ko kin ce fanka ko panka, kowa ya gane, kuma fa ɗinmu da leɓɓa biyu muke hura ta. A Jamusanci sauti uku ne daban, kuma ma'ana tana sauyawa. Pass fasfo ne, Fass ganga ce ta zuba ruwa ko mai, was kuma "me" take nufi. Ki samu madubi. Wajen F ki ɗora haƙoranki na sama a kan leɓen ƙasa ki hura iska. Wajen W ki bar bakin a haka amma ki sa murya, ki dafa wuyanki za ki ji yana rawa. Wajen P ki rufe leɓɓa ruf, ki sake su da ƙarfi, har takardar da kika riƙe a gaban baki ta motsa. Na fi wata biyu a kan waɗannan ukun, kuma har yau idan na gaji ko raina ya ɓaci sukan cakuɗe min. Akwai ma inda suke haɗa p da f wuri guda: Apfel, tuffa, da Kopf, kai. A farkon kalma, kamar Pferd, doki, mutanen arewacin Jamus da yawa f kawai suke faɗa, to wannan kada ya hana ki barci.

Ciwonmu na biyu shi ne cusa wasali tsakanin baƙaƙe. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su taru, shi ya sa muka ce burodi da direba. Jamusanci kuwa tara su yake yi ba tausayi. Likita Arzt ne, "artst", wasali ɗaya tak. Kaka ta yanayi Herbst ce. Titi Straße ne, kuma st da sp a farkon kalma "sht" da "shp" ake karanta su, sai ya zama "shtraase", ba "shitirase" ba. Abin da ya taimake ni shi ne farowa daga wutsiya: in ce "st", in ce "tst", sannan "artst", a hankali, har bakin ya daina neman wasalin da babu.

Masu ɗigo biyun da kika tambaya, Umlaut ake ce musu. Ä ba ta da wahala, e ce buɗaɗɗiya. Ü da Ö su ne baƙi. Ki ce "iii" ki ja ta, kada ki motsa harshe, sai ki tsuke leɓɓa kamar za ki yi fito. Abin da ya fito shi ne ü. Ki yi haka da "eee", leɓɓa a zagaye kamar na o, kin samu ö. Kada ki ɗauka ɗigon ado ne. Schon "tuni" ce, schön "kyakkyawa". Mutter uwa ɗaya, Mütter iyaye mata. Küche kicin ne, Kuchen kek. Idan na'ura ba ta da su ana rubuta ae, oe, ue, shi ya sa za ki ga Müller wani wuri an sa Mueller. A wayarki kuwa, ki danne a ko o ko u ki riƙe, za su fito.

Mai kama da B ɗin ba B ba ce sam. Sunanta Eszett, kuma s ce tsantsa, ba ta taɓa komawa z. Tun gyaran rubutu na 1996, ana sa ta ne bayan dogon wasali ko tagwan wasali, kamar Straße da heißen, bayan gajere kuma a sa ss, kamar Wasser. Ba ta zuwa a farkon kalma. A Suwizalan ma ba sa amfani da ita, ss suke rubutawa ko'ina. Za ki gamu da ita a jimlarki ta farko: "Ich heiße", sunana kaza.

Wannan "ich" ta kawo mu kan ch, kuma a nan karatun Islamiyya zai yi miki rana. Bayan a, o, u da au, ch ita ce خ ta Larabci, wadda malamin tajwidi ya sha gyara mana: acht, takwas, Buch, littafi, Nacht, dare. Ki kula da ta ƙarshen nan, in kika mayar da ita k kin ce nackt, wato tsirara. Bayan i da e kuwa wani sauti ne mai laushi. Ki shirya baki kamar za ki ce "yi", harshe ya matso ganɗa, sai ki hura iska ba murya. Ba "ish" ba ce, ba "ik" ba ce, ko da yake za ki ji masu faɗin haka a wasu yankuna. Sch ita ce sh ɗinmu, tsch kuma c ɗinmu ta ciki da cokali. Haɗa da eu da ake karantawa "oi", sai ki ga gidan rediyon da iyayenmu suke saurare, Deutsche Welle, "Doice Vele" ne. R ɗinsu ta yi kusa da غ, daga can baya take fitowa, amma ban ba ki shawarar ki ɓata lokaci a kanta yanzu ba. A kudancin Jamus da Ostiriya akwai masu kaɗa ta da kan harshe kamar tamu, kuma kowa yana gane su. Abin da za ki riƙe shi ne -er a ƙarshen kalma kusan a ce: Vater, uba, "faata".

Wata sa'ar da muka taka ita ce tsawon wasali. Kunnenki ya riga ya san bambancin gari na zama da gari na tuwo, ko da yake rubutunsu ɗaya. Su ma haka: Stadt birni, Staat ƙasa da hukumarta, Mitte tsakiya, Miete kuɗin haya. Su har alama suke sawa. H bayan wasali ba a faɗarta, ja take nufi, kamar Bahn da Uhr. Baƙi biyu iri ɗaya kuma na nufin wasalin da ke gabansu gajere ne. Sai dai kada ki danne baƙin kamar yadda muke yi a hannu ko sallama, su sau ɗaya suke faɗarsa. Ei "ai" ce, ie kuma doguwar i. Wien babban birnin Ostiriya ne, Wein kuwa giyar inabi, kin ga ba kuskuren da mutum zai so yi ba ne. Sannan b, d, g a ƙarshen kalma suna bushewa su koma p, t, k: Tag "taak", Kind "kint".

Tunda za a tambaye ki lamba, ki sani daga 21 suna faro ƙidaya ne daga baya, einundzwanzig, ɗaya da ashirin, daidai da yadda Larabci yake yi. Wajen lambar waya ki faɗe ta ɗaya-ɗaya, an yarda da haka kuma ya fi tsira.

Da ni ce ke, mako biyu zan ware wa wannan, minti 20 da safe, 20 da yamma, da murya a sama, ba karatun zuci ba. DW tana da darussan Jamusanci kyauta a intanet masu sauti, ki ji, ki tsayar, ki maimaita. Ki riƙa ɗaukar muryarki a waya kina saurare, domin kunne yana kama abin da baki bai san ya yi ba. Maigidan ma ki sa shi aiki: ya ɗauko miki hoton allunan tituna da na tashar jirgin ƙasa da takardun kanti, ki karanta masa, ya gyara. Ana cin jarrabawar da maki 60 cikin 100, kuma sauraro kashi guda ne cikin huɗu, wanda ba zai yiwu ba sai kunne ya san sautukan.

In kin samu dama yau, ki ɗauki muryarki kina jero haruffan sunanki da na garinku, sannan ki ce Pass, Fass, was sau uku, ki turo min ta akwatin saƙo. Bayan isha'i nake samun sarari, zan saurara in gaya miki inda za ki gyara. Allah ya ba da sa'a, ya sada ki da iyalinki lafiya.