Shin Manhajar Da Ba a Biya Mata Kuɗi Abin Dogaro Ce?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu da tsofaffin kwamfutoci uku, dukkansu a kan Windows 10. An ce mini kamfanin Microsoft ya daina kula da shi, kuma wani ƙanena ya ba ni shawarar in koma Linux a madadin Windows, da LibreOffice a madadin Microsoft Office, tunda kyauta ne. Ni kuwa na taso ina jin ana cewa araha ba ta ado. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Abin da aka gaya maka haka yake. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa iya ɗaukar Windows 11. Sai dai kalmar kyauta ce ta sa ka shakka, alhali ba ita ce ginshiƙin maganar ba.

Kowace manhaja tana da rubutun asali wanda masu ƙirƙirarta suka tsara. Kamfanoni da yawa suna ɓoye nasu, tamkar a sayar maka da injin niƙa amma a ce babu makaniken da ya isa ya kwance shi sai wanda kamfani ya turo. Wannan ne Richard Stallman ya ƙi amincewa da shi lokacin da ya kafa shirin GNU a Amurka a 1983, inda ya ce mai manhaja yana da haƙƙin ya yi amfani da ita, ya karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki, ya fitar da Linux, kuma daga baya ya sanya shi ƙarƙashin lasisin da ke ba mutane waɗannan haƙƙoƙi. Idan wayarka Android ce, to a kan Linux aka gina ta, ka ga ashe ka daɗe kana dogaro da abin da kake shakka.

Amfanin da al'umma ke samu ya fi bayyana a aikin gwamnati. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar haɓaka ta, ita ce hukumomin lafiya na Najeriya da na ƙasashe da dama ke tattara bayanan asibitoci da ita, ba tare da kuɗin lasisi ba, kuma injiniyoyin gida suna iya daidaita ta da buƙatun ƙasarsu. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan LibreOffice, domin kada makullin bayanan jama'a ya kasance a hannun kamfani ɗaya.

Batun tsaro ne ya fi jan hankalina. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfuta yana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi, sai ya tarar an cusa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin ƙaramar manhajar xz, aka kuwa toshe ta kafin ta bazu. Ya gano ta ne saboda a buɗe abin yake, kowa na iya dubawa. Amma lamarin ya kuma tona wani rauni, domin ɗan sa-kai guda ne ya daɗe yana ɗauke da nauyin wannan manhaja shi kaɗai.

Game da shagonka, ba zan ɓoye maka ba, akwai ɗan wahala. LibreOffice yana buɗe takardun Word, amma wani lokaci teburi ko tsarin shafi yakan goce, kuma CorelDRAW ba shi da sigar Linux, sai dai ka koyi Inkscape, wata manhajar zane ta kyauta. Duk da haka, wannan ya fi maka kwafin manhaja na sata da ake sa wa mutane a kasuwa, wanda ba ka san abin da aka ɓoye a cikinsa ba. Ka sa Linux Mint, wani nau'i na Linux, a filash, ka tayar da kwamfuta ɗaya da shi ba tare da ka goge komai ba, ka gwada firintarka da takardun da abokan cinikinka suka fi kawowa. Idan ka yi mako guda komai na tafiya daidai, sai ka kwafe fayilolinka a wani wuri kafin ka girka shi.