Amsa kan rumbun gandu a ƙasar Adar

Ɗana, saƙonka daga Yamai ya iso Tawa. Ka ce rumbun gidanku na ƙauye, can bayan Buza, ya tsage, kana son aika kuɗi a sussuke hatsin duka a zuba a buhuna a ajiye cikin ɗaki. Ka kuma tambayi dalilin da ya sa yayan mahaifinka ya hana a taɓa rumbun gandu har sai ruwa ya sauka, alhali na mahaifiyarka ya kusa ƙarewa.

Bari in fara da maganar buhu, don nan ne za ka yi asara. Hatsin da aka bari a zangarniyarsa, aka ɗaure dami, yana iya shekara biyu zuwa uku a rumbu mai kyau, domin ƙaiƙayin da ke rufe da ƙwaya yana tare ƙwari, iska kuma tana ratsa tsakanin dammuna. Wanda aka sussuke ya zama tsirara. Kafin shekara ta zagayo za ka ga gari a gindin buhu, ɓera ya huda, daɓen siminti kuma ya jiƙa na ƙasa. Wake ne kaɗai ya cancanci buhu, shi ma irin mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili: buhu yana da saurin hawa amalanke zuwa kasuwa, dami kuwa sai an hau tsani, an sauko da shi, mata sun sussuka, kowa a gidan ya gani.

Saboda haka aika kuɗin a gina sabon rumbu. Lokacinsa bayan kaka ne, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da tabki yake da sauran ruwa, rana kuma ba ta yi zafi ba. Wanda ya bari sai bazara, laka za ta bushe ta waje cikinta da ɗanye, ta tsage. A zaɓi tudu mai tauri, nesa da hanyar ruwa, don a ƙasar dutse irin tamu ruwan da ke gangarowa daga fako yana da ƙarfin kwashe gindin gini. A jera manyan duwatsu a zagaye, da wasu a tsakiya, su ɗaga rumbun kamar kamu ɗaya daga ƙasa. Wannan ratar ita ke hana danshi, kaji kuma su shiga ƙarƙashi su tsince gara. In za a gitta itace a kan duwatsun, a nemi kirya. In babu, a yi da falalen dutse, tunda Allah ya hore mana shi.

Lakar ita ce aikin. A haɗa ta da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, a kwaɓa da ƙafa, a rufe ta kwana uku zuwa mako guda ana yayyafa ruwa har ta ruɓa ta yi danƙo. Magini yana ɗora zagaye ɗaya, tsayin tafin hannu biyu, kaurinsa bai fi yatsu huɗu ba, sannan ya bar shi ya sha iska kafin ya ƙara. In aka matsa masa ya yi sauri, nauyin na sama zai danne na ƙasa, cikin rumbun ya bulluƙo gefe guda. Daga tsakiya sai ya riƙa tsuke shi kamar tulu har bakin ya rage daidai shigar mutum ɗaya. A yaɓe ciki da waje, a bar shi ya bushe sarai, a ɗora masa hular jinka mai saukowa ta rufe kafaɗa. Jinkar nan a duba ta kowace shekara kafin ruwan farko. Yawancin rumbunan da suka faɗi, ta wuya ruwa ya shige su. Ɗaukar laka da ruwa aikin gayya ne. Ba a biyan ƴan gayya, amma fura da tuwo da goro suna wuyanka, magini kaɗai ake yi wa lada.

Kafin a zuba sabon hatsi a share, a ƙona kara kaɗan a ciki, a barbaɗa toka da ganyen dogon yaro. A ciji ƙwaya: in ta fashe ƙas, ta bushe. Kada a ɗora sabo kan tsoho.

Yanzu ga batun buɗewa. Ranar da aka kawo dammuna gida, zakka ake fara fitarwa, ɗaya cikin goma ga amfanin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi. Sai iri, sai bashi, sai rabon da ake ba matan gida na abincin rani. Abin da ya saura shi ke shiga rumbun gandu, maigida ya liƙe bakinsa da laka. Da rani samari sun tafi bida Abijan ko Najeriya, bakunan gida sun ragu, ana lallaɓawa da rabon mata da na gamana, wato ƴar gonar da mutum ke noma wa kansa, da abin da aka aiko. Da damina kowa ya dawo, ana noma tun safe, tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwa, sabo kuma sai Satumba ko Oktoba. Gidan da ya cinye rumbunsa da rani, da damina mazansa za su tafi ƙwadago gonar wani su bar tasu ciyawa ta ci. Waɗanda suka ga yunwar 1984 da ta 2005 ba su wasa da wannan liƙin, kuma ina bayansu.

Amma al'ada ba ta ce a bar mahaifiyarka da yunwa ba. Kai ne mai albashi, cike giɓin ranin nan naka ne. Saya mata hatsi yanzu kafin ya ƙara hawa, ka kira baffanka da kanka ka shaida masa, kada ya ji a bakin wani. Kuɗin ginin ma a hannunsa za ka sa, shi zai kira magini ya sa ranar gayya.