Anti, zafin Legas na cinye min kwalliya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Aure ne ya kawo ni Legas daga Kano bara. Muna zaune a Agege, ina aiki a wani shagon atamfa a kasuwar Balogun. Ƙarfe 6 na safe nake fita fuskata tsaf, amma kafin motarmu ta sauka daga gadar Third Mainland hoda ta jiƙe, jagira ta zazzago, hijabina ya kwashe rabin fandeshin. A Kano ban san wannan ba. Kayan ne marasa kyau, ko hannuna ne?
Ƙanwarki daga Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Hannunki lafiyarsa lau, iskar garin ce. A Kano in kin yi gumi, busasshiyar iska ta shanye shi nan take. Legas kuwa ruwa ya kewaye ta, iskarta a ƙoshe take da laima, gumi ba shi da inda zai je. Sai ya kwanta a fuska, ya haɗu da maiƙo, ya narkar da abin da kika shafa. Hunturun ma a nan leƙowa kawai yake yi wajen Disamba da Janairu.

Ni ma sai da na sha kunya kafin na gane. Farkon fara sana'ata na yi wa wata amarya kwalliya a Idi-Araba, cikin watan Yuni. Don tsoron kada ta goge, na yi ta lafta mata fandeshin kamar mai yaɓen ɗaki. Ana cikin kamu aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Kafin a tayar da janareta fuskar baiwar Allah ta tsattsage kamar busasshen tafki. Har yau in na haɗu da gwaggonta a biki sai na sauya hanya.

Tun ranar na san cewa a garin nan kwalliya mai kauri ita ke fara zubewa. Saboda haka ki rage. Basilin da man kaɗanya ki bar su sai dare. Da safe ki wanke fuska, ki shafa mai marar nauyi, ki je ki haɗa shayi, man ya sha iska kamar minti 5. Faraima, wato man shimfiɗa da ake shafawa kafin fandeshin, a goshi, hanci da haɓa kawai, nan ne maiƙo ke tsatsowa. Fandeshin ɗan ɗigo, ki danna shi da soso mai ɗan damshi, kada ki murza. Hodar ma dannawa ake yi. Ki tsaya da fandeshin kafin inda bakin hijabi ke zama, yadin zai daina kwasa. Jan-baki kuwa, ki cike leɓen da fensir tukuna, ki shafa, ki danne da tishu, ki sake shafawa.

In gumi ya zo a mota, kada ki yi saurin ciro hoda. Hoda a kan gumi kwaɓi ce. Ki ɗora tishu ki ɗauke, ba gogewa ba.

Sai maganar da masu tallar kaya ba sa yi mana: alwala. Za su nuna miki wanda aka rubuta awa 24 a jikinsa, wanda ruwa ba ya ratsawa. To ke da za ki wanke fuska da azahar, me za ki yi da awa 24? Abin da ya hana ruwa taɓa fata ai sai an cire shi kafin alwala. Kwalliyar da za ta kai ki ƙarfe 1 kike buƙata. Ki riƙe 'yar jaka da hoda, jagira, jan-baki da tishu. Bayan salla ki sabunta cikin minti 5, in kin iya riƙe alwalar har la'asar kin huta.

Tunda a kasuwa kike, ki kula da jabu, ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa. Kwallin dutse kuma, irin na iyayenmu, yawanci akwai dalma a cikinsa, ni fensir nake sa wa amarena. Maskara in ta kai wata 3 da buɗewa ki jefar, ko da saura a ciki.