Firgitar yara cikin barci: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa huɗu. Bai cika awa biyu da kwanciya sai ya zabura yana ihu, ido buɗe, gumi sharkaf, ko ni bai ganewa. Da safe ya ce bai san an yi ba. Uwar mijina ta ce iska ce. (Wata uwa, Bukoki, Yamai)

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. Wannan firgitar barci ce. Tana zuwa a farkon dare, lokacin da barci ya yi nauyi ƙwarai, sai jiki ya motsa alhali ƙwaƙwalwa ba ta gama farkawa ba. Ke kina ganin idonsa biyu, shi kuwa barci yake, shi ya sa da safe babu abin da zai tuna. An fi ganinta tsakanin shekara 3 zuwa 7, kuma galibi da kanta take wucewa.

Kada ki jijjiga shi, kada ki watsa masa ruwa, ruɗewa zai ƙara yi. Zauna kusa, ki janye murhu da duk abin da zai ji masa ciwo. In tsakar gida kuke kwana saboda zafi, a sa wa ƙofar waje sakata. Yi masa addu'arki a hankali, cikin ƴan mintoci zai koma ya kwanta. Abin da ya fi tayar da ita ƙarancin barci ne da gajiya da masassara. Yaro mai shekarunsa na bukatar awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, har da na rana, kuma yaran Yamai da ke hira tare da manya har sha ɗaya na dare ba su samun haka. In kusan lokaci guda take zuwa kullum, ki riƙa ɗan tada shi minti 15 kafin lokacin, har mako guda.

Amma in jikinsa ya sandare, yana fizge-fizge, yana kumfar baki ko ya ciji harshe, ba firgita ba ce, asibiti za ki nufa nan take. Haka in jikin da zafi, musamman da damina: a gwada jini a duba zazzaɓin cizon sauro kafin a ce iska.

Tambaya: Ɗiyata mai shekara bakwai tana farkawa gab da asuba da kuka, wai dodo ya biyo ta. Yanzu ba ta kwana sai da fitila. (Wani magidanci, Tawa)

Amsa: Alhaji, nata mummunan mafarki ne. Ya fi zuwa a ƙarshen dare, yaro ya farka sarai, ya gane iyayensa, ya ba da labarin tiryan-tiryan. A rarrashe ta, a bar mata fitilar, ba sangarta ba ce. Sannan ka binciki yininta: me take kallo a wayar yayyenta? Ana dukanta a makaranta? Ana faɗa a gabanta? Ana miƙa mata ragowar shayi da dare? Wa ke ce mata dodo zai kama ta in ba ta yi shiru ba? (Ku daina tsorata su da allurar likita ma, mu ke shan wuyar auna su daga baya.) In mafarki ɗaya ne ke ta maimaituwa, ko ta koma fitsarin kwance, ko tana gudun wani mutum musamman, mahaifiyarta ta keɓe da ita ta tambaye ta ba tsawa, kuma ku kai ta wurin likitan yara.

Tambaya: Nakan farka in ji an danne ni, in kasa motsi da magana. (Ɗalibi, Jami'ar Abdou Moumouni)

Amsa: Dannau ne, samari. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan saki tsokar jiki don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Wani sa'in hankali ya riga jiki farkawa. Bai wuce daƙiƙoƙi ko minti biyu, kuma bai kisa. Rage raba dare da shayi lokacin jarrabawa, ka kwanta ta gefe maimakon rigingine.