Skyrim ɗina yana rufe kansa tun da na cika shi da mod

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga Skyrim Special Edition a kwamfuta, na ɗora masa mod (ƙarin gyare-gyaren da masu buga wasan ke ƙirƙira) kusan 300 ta Vortex, manhajar sarrafa mod. Da farko lafiya lau, amma yanzu sai wasan ya rufe kansa ba zato ba tsammani, musamman in na shiga garin Whiterun na cikin wasan. Na cire mod biyar da nake zargi, abin sai ma ya ƙara ta'azzara. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cire waɗannan biyar ɗin ne ya fi damuna. Skyrim yana adana bayanan umarnin mod, waɗanda ake rubutawa da harshen wasan mai suna Papyrus, a cikin fayil ɗin ajiyarka, wato inda ake adana ci gabanka a wasan. In ka cire mod ana tsakiyar wasa, ragowar umarninsa na nan a ajiyar, suna neman abin da babu shi. Wato garin neman gira ana iya rasa ido. Ka mayar da su, ka koma ajiyar da ka yi kafin cirewar, sannan duk gwajin da za ka yi nan gaba ka yi shi a sabon wasa.

Daga nan ka lura da lokacin da yake mutuwa, domin shi ne zai nuna maka hanya. Wanda ke rufewa tun kafin a kai shafin farko, yawanci wani mod ne ya rasa fayil ɗin da ya dogara da shi, ko kuma SKSE, ƙarin da ke faɗaɗa umarnin wasan domin mod, bai dace da sigar wasan ba, matsalar da ta addabi mutane tun sabuntawar wasan ta Nuwamba 2021. Wanda ke mutuwa bayan an daɗe ana bugawa, a duba ko hotunan 4K sun fi ƙarfin katin hoto. Naka ya fi kama da na uku: wuri ɗaya yake maimaitawa. Wannan alama ce ta mod biyu da ke rigima kan gyaran gari ɗaya, ko wani lalataccen fayil na siffar gini ko ta mutum da ake lodawa a nan.

Ka sa Crash Logger, mod ɗin da ke rubuta bayanin faɗuwar wasan. Duk sanda wasan ya faɗi, zai rubuta rahoto a foldar SKSE da ke cikin foldar My Games ta kwamfutarka. Kada dogayen lambobin su tsorata ka. Ka tara rahoto uku, ka nemi sunan fayil mai ƙarewa da .esp, .nif ko .dll da ke ta fitowa a dukkansu. Rahoton Papyrus kuwa ka ƙyale shi, ba don wannan aikin aka yi shi ba, kuma mutane da yawa sun ɓata dare a kansa a banza.

In rahoton bai kama kowa ba, sai rabawa. Ka buɗe sabon furofayil a Vortex, wato jerin mod na daban don gwaji, ka kashe rabin mod ɗinka, ka shiga Whiterun. In ya faɗi, mai laifin yana cikin waɗanda ka bari. In bai faɗi ba, yana cikin waɗanda ka kashe. Ka sake raba wancan rukunin biyu. Gwaji tara ya ishe ka zaƙulo ɗaya daga cikin 300. Abin kula kawai shi ne kada ka kashe mod ka bar waɗanda suka dogara da shi, in ba haka ba za ka haifar da sabuwar faɗuwa ka ɗauka tsohuwar ce.

Tunda ka kai 300, ka ƙirga cikakkun fayilolin .esp da .esm ɗinka: wasan ba ya ɗaukar fiye da 254, sai dai masu alamar ESL, wato ƙananan fayiloli marasa nauyi, ba sa cikin lissafin. LOOT, mai tsara jerin lodin fayilolin nan a cikin Vortex, jera su kawai yake yi, ba ya sasanta rikici. Wannan aikin SSEEdit ne, manhajar duba da gyara fayilolin mod, ko facin daidaitawa da masu mod ɗin suka fitar.

Ita kuwa ajiyar da ka ci gaba da ita bayan cirewar, ReSaver, manhajar gyaran fayil ɗin ajiya, na iya share mata marayun umarni, amma ni ba zan ɗora sa'o'i ɗari a kanta ba.